Daga motar majigi zuwa waƙar kamfen: ina fim ɗin zaɓukanmu?

Baba Malam:
Assalamu alaikum jama'ar wannan zaure. Jiya da daddare jikana ya miƙo mini waya na ga wani bidiyo. 'Yan fim ne sun yi anko, sun jeru a bayan wani ɗan siyasa suna rawa. Zaɓen shugaban ƙasa na 2027 bai ma ƙaraso ba, har an fara. Na daɗe ina kallo, zuciyata ta koma sama da shekara sittin baya, lokacin da motar majigi take zuwa unguwarmu.

Yaran yanzu ba ku san majigi ba. Da la'asar mota za ta zaga da lasifika tana shela. Bayan isha'i a kafa farin ƙyalle a fili, a tada inji, maza a gefe, mata a can baya, mu yara a gaba a kan ƙasa. Akwai mai bayani da yake fassara da Hausa. A nuna yadda ake noman auduga da gyaɗa, da tsabta, da rigakafi. A nan muka ga fim ɗin Baban Larai. Daga nan sai a sako Sardauna, Allah ya jiƙansa, yana saukowa daga jirgi, yana buɗe makaranta, sarakuna na tarbarsa. Mu kuwa a unguwarmu kusan kowane gida NEPU ne, jam'iyyar adawa ta Malam Aminu Kano. Amma ban taɓa ganin fuskar Malam Aminu Kano a kan ƙyallen nan ba, ko sau ɗaya. Motar ta gwamnati ce, abin da gwamnati take so shi muke gani.

Abin da ya hana ni barci shi ne: yau kyamara ta dawo hannun 'ya'yanmu, ba Bature, ba En'e, ba ma'aikatar yaɗa labarai. Me ya sa har yanzu mai mulki ko mai neman mulki kaɗai take haskawa? Ina son waɗanda suke cikin harkar su fahimtar da ni.

Sadiƙ Edita:
Wa alaikumus salam Baba, Allah ya ƙara lafiya da nisan kwana. Ni ina cikin harkar, shekarata goma sha ɗaya ina haɗa hoto a Zoo Road. Zan faɗa maka gaskiya ba ɓoye-ɓoye. Da can furodusa zai yi fim ya kai Ƙofar Wambai, 'yan kasuwa su buga faifai, kuɗi su dawo, a shiga wani lokeshin. Wannan kasuwar ta mutu. Satar fasaha ta cinye ta, waya ta ƙarasa ta, naira ɗari a tura maka fim biyar a kati. Yanzu sai YouTube, shi ma sai wanda Allah ya ɗaga. Mai riƙe fitila, mai ɗaukar sauti, mai kwalliya, duk suna da iyali. Lokacin zaɓe shi ne kakarmu, kamar yadda manomi yake da tasa. Idan ka ga jarumi yana rawa a bayan ɗan takara, akwai mutum ashirin da za su ci abinci a dalilin rawar nan.

Kuma kada a ɗauka daɗi muke ji. A 2023 na kwana uku ban runtsa ba ina haɗa wa wani ɗan takara bidiyon kamfen. An ba ni kafin alƙalami, aka ce sauran bayan zaɓe. Ya ci zaɓensa, har yau lambar da nake kira ba ta shiga.

Maman Ihsan:
Sadiƙ ƙanena, Allah ya fitar maka da haƙƙinka. Ba wanda yake musun yunwa. Amma kowa ya ci ladan kuturu dole ya yi masa aski, kuma askin nan ku yake yanka. Duba yadda masana'antar take rabewa duk shekara huɗu. A 2019 ta rabu gida biyu, masu Buhari da masu Atiku, a Kano kuma ga Gandujiyya ga Kwankwasiyya. Mutanen da suka yi shekara da shekaru suna fitowa a fim ɗaya suka daina gaisawa. Wanda nasa ya ci ya samu kujera, wanda nasa ya faɗi ya koma yana ɗari-ɗari da Hukumar Tace Fina-finai.

Hukumar nan an kafa ta a 2001 bayan ƙaddamar da shari'a, kuma asalinta don a samar wa 'yan fim hanyar ci gaba da sana'a ne bayan an dakatar da su. Amma kowa ya tuna abin da ya faru da Hamisu Lamido Iyan-Tama. Ya yi takarar gwamna a 2007, a ƙarshen 2008 kotun tafi-da-gidanka ta ɗaure shi. Hukuma ta ce maganar rajista ce da sakin fim ba tare da tacewa ba, mutane da yawa kuma suka ga siyasa a ciki. Ko ma mene ne, darasin da 'yan fim suka ɗauka shi ne a nemi ubangida. Wanda kuma yake da ubangida ba zai taɓa yin fim ɗin da zai ɓata wa ubangidan rai ba.

Ɗan Samaru:
Baba, ina neman izini in ɗan ƙara haske, ba gyara nake yi maka ba. Zamanin majigin da ka gani tsarin firaminista ake yi, ba a zaɓen shugaban ƙasa kai tsaye. Na farko shi ne na 1979, mutum biyar: Shagari a NPN, Awolowo a UPN, Azikiwe a NPP, Malam Aminu Kano a PRP, Waziri Ibrahim a GNPP. Kuma abin da ya sa na kawo shi, duk rigimar zaɓen nan a kan jihar Kano ta tsaya. Doka ta ce sai ɗan takara ya samu kashi ɗaya bisa huɗu na ƙuri'u a kashi biyu bisa uku na jihohi 19. Shagari ya samu a 12, a Kano kuma ya tsaya dab da kashi 20 cikin 100, saboda Kano ta Malam ce. Lauyan NPN, Richard Akinjide, ya ce biyu bisa ukun 19 ba 13 ba ne, 12 ne da biyu bisa uku, don haka biyu bisa ukun ƙuri'un Kano kawai za a lissafa. Awolowo ya je har Kotun Ƙoli, ta tabbatar wa Shagari. Ku faɗa mini, wane marubuci ne zai ƙirƙiri labarin da ya fi wannan? Shekara arba'in da ɗoriya, ba wanda ya ɗora masa kyamara.

Sannan ita kanta Kannywood siyasa ce ta share mata fage. Gwamna Abubakar Rimi ya kafa gidan talabijin na CTV a farkon shekarun 1980 saboda NTA tana hannun gwamnatin tarayya ta NPN, shi kuma yana son tasa muryar. Wasannin kwaikwayon gidajen talabijin da ƙungiyoyin dirama na lokacin su suka raini mutanen da suka koma kaset. Fim ɗin Turmin Danya na ƙungiyar Tumbin Giwa ya fito a 1990, shekara biyu kafin Living in Bondage na Kudu. Sunan Kannywood ma ya fito a mujallar Tauraruwa a 1999, kafin a fara cewa Nollywood.

Baba Malam:
Ɗana, gyara ne kuma na karɓa, Allah ya yi albarka. Zaɓen 1979 ina cikinsa tsundum, ina malamin firamare, aka ɗauke mu aikin rumfa. Har yau ina tuna tsofaffin mata suna zuwa suna cewa a nuna musu mabuɗi, alamar PRP ke nan, ba ruwansu da sunan kowa.

Kawu Na-Agege:
Salamu alaikum. Ni shekarata talatin da biyu a Legas, bari in kawo muku na nan. Abu biyu nake son in faɗa.

Na farko, kada ku ɗauka 'yan fim ɗin Arewa ne kaɗai suke bin masu mulki. A watan Maris na 1998 ina nan aka kwashi mawaƙa da 'yan wasa daga Legas zuwa Abuja, gangamin mutum miliyan biyu na roƙon Abacha ya zarce. Jonathan kuwa ba shugaban da ya rungumi Nollywood kamarsa. A 2010 ya sanar da asusun dala miliyan 200 don masu nishaɗantarwa, a 2013 ya ƙara da tallafin naira biliyan 3. A 2015 manyan taurari suka fito suna yi masa talla, gidan talabijin na AIT yana ta saka fina-finan ɓatanci a kan Buhari da Tinubu, har daga baya ya nemi afuwar Tinubu. Me ya faru? Buhari ya samu ƙuri'a miliyan 15.4, Jonathan miliyan 12.8. A 2023 Kenneth Okonkwo, wanda ya ja Living in Bondage, shi ne kakakin kamfen ɗin Peter Obi. Funke Akindele, wadda fina-finanta suke cika sinima a nan, ta tsaya mataimakiyar gwamna a PDP, suka zo na uku. Talaka yana son ka a allo, amma in ya shiga rumfa lissafinsa daban.

Na biyu, nan ne nake jin kishi. Mutanen Kudu suna da masu bin gwamnati, amma suna da waɗanda suke juya mata kyamara. Hubert Ogunde ya yi wasan Yoruba Ronu a 1964, gwamnatin Akintola ta haramta masa wasa a Jihar Yamma. A 1970 aka yi fim ɗin Kongi's Harvest daga wasan Soyinka, a kan shugaba mai kama-karya. Eddie Ugbomah ya yi fim a kan kisan Janar Murtala a 1983. Murtala ɗan Kano, amma mutumin Kudu ne ya yi fim ɗinsa. Tunde Kelani ya fitar da Saworoide a 1999, daidai lokacin da soja ke miƙa mulki. Labarin sarki da ganga ne, amma ko mai tura baro a Agege ya san da wa ake.

Sadiƙ Edita:
Kawu, maganarka ta farko ban yarda da ita gaba ɗaya ba. Wataƙila a Legas haka ne. A nan waƙa tana aiki. Wanda ya ga 2015 ya san abin da waƙoƙin Rarara suka yi, daga mai shayi har 'yan A-daidaita-sahu, har gidan biki. Da ba ta aiki da 'yan siyasa ba su riƙa zuba mata miliyoyi ba.

Maman Ihsan:
Sadiƙ, waƙar ce ta kawo jama'a, ko jama'ar ce ta ɗauki waƙar? Tun 2003 mutanen Arewa suke bin Buhari, suna a kasa a tsare a raka, ba wanda ya biya su. Waƙa ta tarar da wuta tana ci ne ta ƙara mata iska. Shi wannan mawaƙin ya yi wa Tinubu waƙa a 2023, amma Kwankwaso ne ya ɗauke Kano da ƙuri'a kusan miliyan ɗaya.

Kuma me masana'antar ta samu a matsayinta na masana'anta? Ba ina nufin mota ko kujerar Makka da aka ba mutum ɗaya ba. A 2016 gwamnatin tarayya ta ce za ta gina dandalin shirya fina-finai na naira biliyan 3 a Kofa ta ƙaramar hukumar Bebeji. Malamai suka yi ca, cikin 'yan kwanaki aka janye. Waɗanda aka yi wa rawa ba wanda ya tsaya ya kare ku.

Abu Sumayya:
Hajiya, a yi mana adalci. Ina cikin waɗanda suka ƙi dandalin nan, kuma har gobe ban yi nadama ba. Ba a zauna da jama'a an yi musu bayani ba, sai ji muka yi a rediyo, a lokacin da mutane ke fama da tsadar masara, ga 'yan gudun hijira ko'ina. Sannan abin da muke gani a fina-finan lokacin, rawa da waƙa da soyayya, shi muka ɗauka za a faɗaɗa. Da irin fim ɗin da Baba Malam yake magana a kai ake yi, tarihin Sa'adu Zungur, tarihin Gambo Sawaba da ɗaurin da ta sha, tarihin zaɓukanmu, wallahi da ni zan fara kai 'ya'yana.

Maman Ihsan:
Malam, na ji, kuma maganar rashin tuntuɓa gaskiya ce. Sai dai fim ɗin tarihi shi ya fi kowanne cin kuɗi da buƙatar wuri da kayan aiki, abin da dandalin zai samar ke nan. An hana su rijiya, ana kuma yi musu faɗan ba su yi wanka ba.

Baba Malam:
Ku bar maganar dandali, ta wuce. Ni ga abin da yake ci mini rai. Ranar 12 ga Yuni 1993. Alhaji Bashir Tofa ɗan Kano ne, ɗan cikin gari, marubuci ne ma da Hausa. Abiola Bayarabe ne daga Abekuta. Mutanen Kano suka fito suka ba Abiola rinjaye a kan ɗansu. Ni na jefa wa SDP, jam'iyyar Abiola, maƙwabtana ma haka, saboda mu 'yan gidan Malam Aminu ne, inda muka ga ya fi kusa da aƙidar talakawa nan muka bi. Babangida ya soke zaɓen. Yau in ka ji ana labarin 12 ga Yuni sai ka ɗauka abin Yarabawa ne su kaɗai, har jikokina haka suka ɗauka. Na gaya wa ɗaya cewa Kano Abiola ta zaɓa, ya ce Baba anya kuwa? Ban ga laifinsa ba. A ina zai gani? Mu da muka yi layi a ranar muna ta ƙarewa ɗaya bayan ɗaya.

Ummi 'Yar Jos:
Baba, maganarka ta taɓa ni. Na karanci fim a nan Jos, inda Hukumar Fina-finai ta Ƙasa take, wadda aka kafa a 1979, shekarar zaɓen da ake magana. A 2025 wani matashi, Akinola Davies, ya kai fim ɗinsa My Father's Shadow bikin fina-finai na Kan a Faransa. Labarin uba ne da 'ya'yansa maza biyu a yini ɗaya a Legas, a tsakiyar rikicin zaɓen 1993. Bai fito da Abiola ko Babangida a matsayin jarumai ba, iyali ɗaya kawai ya bi. Yaya Sadiƙ, ka ga ba sai ka taɓa babban mutum ba. Malamin firamare a rumfar zaɓe, da tsohuwa mai neman mabuɗi, fim ne cikakke.

Kuma ba gaskiya ba ne a ce mu ba mu da gado. Shaihu Umar, littafin da Abubakar Tafawa Ɓalewa ya rubuta a gasar 1933 tun yana malamin makaranta, Adamu Halilu ya mai da shi fim a 1976. Shekaru da yawa ana cewa ya ɓata. A 2016 aka gano shi cikin ɗaruruwan gwangwanayen fim da suka yi tsatsa a tsohon ginin sashen fim na Turawan mulki a Legas. Jamusawa suka taimaka aka gyara, aka nuna shi a Balin a 2018. Ranar da na fara kallonsa sai da na yi hawaye, saboda Hausar da ke ciki da irin natsuwar aikin. Ɗan Tafawa Ɓalewa, Sadiƙ Ɓalewa, ma ya yi Ƙasarmu Ce a 1991, a kan masu kuɗi da suke son ƙwace wa talakawa ƙasa. Abin da ya katse wannan layin shi ne faɗuwar naira bayan tsarin gyaran tattalin arziki na SAP na 1986, fim na sinima ya gagari kowa, aka koma kaset, kaset kuma abin da zai sayu da sauri yake so.

Baba, ina kyautata zaton irin majigin da ka kalla yana cikin gwangwanayen nan. Tunda Ali Nuhu ne shugaban hukumar tun Janairun 2024, abin da nake fata ya sa a gaba ke nan, a ceto su a kawo su Kano da Kaduna da Sakkwato mutane su gani.

Sadiƙ Edita:
Ummi, na ji ki, amma akwai abin da ba ku faɗa ba. Tsoro. Bayan zaɓen Afrilun 2011 sama da mutum 800 aka kashe cikin kwana uku a jihohin Arewa. Ina Kaduna a lokacin, ban son tunawa. Wanda zai yi fim a kan zaɓe a ƙasar nan yana tafiya ne a kan ƙaya, kalma ɗaya a ce ka zagi addini ko ƙabila ko jagoran wasu. Kwana Casa'in na Arewa24 ya gwada, ya nuna maguɗi da 'yan jagaliya da sayen 'yan jarida, amma sai da aka ƙirƙiro gari aka sa masa suna Alfawa, kuma tasha ce mai ƙarfi a bayansa. Ni da kwamfuta ɗaya a shagon haya, wa zai tsaya mini?

Ɗan Samaru:
Yaya Sadiƙ, tsoronka a kan hanya yake. Amma ka lura, Kwana Casa'in ya karɓu, gidaje suna jiran ranar da za a saka shi. Wato masu kallo suna nan, ba rawa kaɗai suke so ba. Kuma 1979 da 1993 ba 2011 ba ne, ba wanda zai ɗauko makami saboda lissafin 12 da biyu bisa uku.

Kawu Na-Agege:
Ni ɗan kasuwa ne, ban san yadda ake fim ba. Amma in maganar ɗaukar tsofaffi suna ba da labari ce, nawa zai ci? A nan Agege da Idi-Araba akwai dattawan Hausawa da suka ga abin da ya biyo bayan soke zaɓen 1993, lokacin da mutane suka riƙa kwashe iyali suna komawa gida don tsoron yaƙi. Ni kaina na saka matata da yara a mota zuwa Katsina. In za a fara, kuɗin mota da na abinci na wata ɗaya a kaina.

Maman Ihsan:
Allah ya saka da alheri Kawu. Sharaɗina ɗaya: kada a karɓi ko kwabo daga ɗan takara ko ofishin gwamnati, ko da sun kawo da kansu. Kuma a nemi mata. A Arewa sai a ƙarshen shekarun 1970 mata suka samu 'yancin jefa ƙuri'a, 1979 ne karonsu na farko a zaɓen ƙasa. Innata tana raye, tana Gyaɗi-Gyaɗi, tana tuna ranar sarai.

Sadiƙ Edita:
Anti, ba zan yi miki ƙarya ba, in aikin kamfen ya zo zan karɓa, haya ba ta jira. Amma wannan zan ware shi daban, ba hannun kowa a ciki. Ina da kyamara ɗaya da makirfo mai kyau. Baba, in ka amince, Asabar mai zuwa zan zo gida mu fara da kai. Ummi, ki turo mini tambayoyin da kike ganin ya kamata a yi.

Baba Malam:
Ka zo bayan la'asar, hasken tsakar gidan ya fi kyau a lokacin. Zan aika a ɗauko abokina da muka yi aikin rumfa tare a 1979, shi wakilin NPN ne a ranar, har yau ba mu gama musu ba. Ƙafarsa ta yi nauyi, sai an zo da shi a A-daidaita-sahu. Ummi 'yata, in kin samu hanyar tambaya a Jos, ki tambaya mini ko Baban Larai yana cikin gwangwanayen da aka gano.